Jiwa: Dawa Ɗaya, Ƙoƙo Biyar

Wanda ya taso daga tsakiyar birnin Abuja ya bi ta Life Camp, ya ratsa Karmo, ya wuce Gwagwa kamar mai nufin Dei-Dei, kafin ya kai manyan kasuwannin nan na kayan gini da na dabbobi zai ji masu babur suna kiran Jiwa. In ya amsa kiran, tafiyar ba ta da nisa. Zai bar dogayen benaye a bayansa, ya shiga cikin jar ƙasa da gidaje masu rufin kwano, waɗanda suka cuɗanya da sauran gonaki nan da can. In kuwa da kaka ya zo, watau wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne dawa, ta kere tsawon mutum nesa ba kusa ba, kanta ya sunkuya don nauyin ƙwaya, wata ja, wata fara.

Garin Jiwa ya girmi birnin da ya zo ya kewaye shi. Can dā yana cikin ƙasar Sarkin Abuja, watau masarautar da Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, wadda Abu Ja ya gina wa birni a 1828. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanki ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara don a gina wa Nijeriya sabon babban birni. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, garin Jiwa kuwa ya faɗo cikin Yankin Birnin Tarayya. Yau yana ɗaya daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, yana da sarkinsa da fadarsa. Wanda ya hau jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin sama zai ratsa wata tasha mai suna Bassanjiwa, watau Bassa ta Jiwa, sunan da ke tuna wa mutane nisan inda ikon garin ya kai.

Mutanen wannan yanki na asali sun haɗa da Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari, da Gwandara da Gade da Bassa, sa'an nan ga Hausawa da Fulani da suka daɗe tare da su. Bayan da gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, da kuma rusau ɗin da aka yi a Idu da Karmo a 2006, sai garuruwan gefe suka cika maƙil da baƙi: Tibi da Ibo da Yarbawa, da mutanen Filato da na Kudancin Kaduna. Kowa ya zo da harshensa da addininsa, ya kuma zo da abin shansa. Abin mamaki shi ne, in aka bi diddigi, kusan duk abin da ke cikin ƙoƙunan waɗannan mutane, na halal da na haram, daga dawar nan ta bakin hanya ya fito. Bambancinsu yana ga abin da aka yi wa ƙwayar, da kuma yawan kwanakin da aka bar ta. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a nan.

Sirrin Tsiro

Ƙwayar dawa cike take da gari, gari kuwa ba shi da zaƙi. Amma in aka jiƙa ta kwana ɗaya, aka baza a inuwa aka rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma, cikin kwana huɗu ko biyar sai ta fid da tsiro. A lokacin nan ƙwayar takan samar da wani sinadari wanda ke narkar da garin ya mai da shi sukari, don ɗan tsiron ya sami abinci. Sai mai aikin ta katse masa hanzari, ta shanya shi a rana ya bushe, ta niƙa. Wannan garin tsiro shi ne tushen komai.

Daga nan sai wasu halittu ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su karɓi aiki. Iri ɗaya su ne ke mai da sukari tsami, irin waɗanda ke mai da madara nono. Iri na biyu shi ne yis, wanda masu burodi suka sani, shi kuwa yana cin sukari ya fid da iska mai kumfa da kuma sinadarin da ke sa maye. Tun cikin ƙarni na 19 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya tabbatar cewa masu rai ne ke wannan aiki. Matan ƙauyukan Gbagyi ba su jira shi ba, da hannu da hanci suka daɗe da sanin lokacin da tukunya ta juya.

Ƙoƙo Na Farko: Kunun Zaƙi

Abin da baƙo zai fara cin karo da shi a bakin kasuwa da tashar babur shi ne kunun zaƙi, a cikin bokiti ko a ɗure cikin gorunan roba. Da dawa ake yinsa ko gero, a jiƙa, a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, in ya sha iska a zuba ɗanyen kashin da aka haɗa da busasshen dankali ko tsiro. A bar shi ya kwana, da safe a tace. Gwanaye tun kafin sukari ya yawaita da wannan dabara suke samun zaƙi, daga nan ne ma kunun ya samo sunansa.

Kunu mai kyau yana da ɗan kauri, yana da santsi a maƙogwaro, zaƙinsa ba mai gundura ba ne, yajin citta yana biyo baya, sa'an nan ga ɗan tsami kaɗan wanda ke kashe ƙishirwa. Na jar dawa ya fi duhu da ɗan bauri, na gero ya fi haske da ƙamshi. Limami yana sha, fasto yana sha, ana buɗe baki da shi da azumi. To, amma kunun zaƙi ba ya son a ajiye shi. In ya wuni cikin zafi ya kwana, sai tsami ya rinjayi zaƙi. In ya ƙara kwana, gorar ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki, kumfa ya taso, to yis ya shiga, kunu ya kama hanyar zama wani abu dabam. Malaman Musulunci sun daɗe da lura da irin wannan iyaka. Littafin Risala, wanda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya sani, ya kawo hani a kan jiƙa abin sha a cikin duma, malamai kuwa sun bayyana cewa dalilin shi ne irin wannan mazubi yana gaggauta juyawar abin da ke cikinsa. Hukuncin da ya tattara maganar shi ne, duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Ƙoƙo Na Biyu Da Na Uku: Fito Da Burkutu

A ƙauyukan manoma da unguwannin baƙi na wannan yanki, wanda ya bi hayaƙi da wani irin wari mai tsami zai iske inda ake dafa burkutu. Sana'ar mata ce, uwa ke koya wa 'ya, kuma aiki ne na kusan mako guda tun daga jiƙo. Ana dama garin tsiro da ruwa a manyan tukwane, waɗansu kan ƙara garin rogo don ya yi auki. A dafa na sa'o'i, a sauke a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake mayarwa wuta a dafa har ya yi kauri. In ya huce sai a zuba masa ragowar tsohon dahuwa, wanda ke ɗauke da yis, a rufe. Kafin gari ya waye tukunya tana ta ɓararraka ba wuta a ƙarƙashinta.

Waɗanda ke shan waɗannan abubuwa suna rarrabe su kamar yadda Bafulatana ke rarrabe kindirmo da tsala. Fito, wanda waɗansu ke kira pito, tatacce ne, ruwa-ruwa, launinsa kamar na shayi mai duhu, zaƙinsa ya fi tsaminsa, ƙarfinsa kuma bai kai na ɗan'uwansa ba. Burkutu kuwa mai kauri ne, ja-ja, ba a ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa, yana da tsami mai kama dasashi da ƙaurin itacen da aka dafa shi, ga gari-gari da ke kwantawa a ƙasa, shi ya sa mai sha yake ta juya ƙoƙonsa. Yana cika ciki kamar abinci. Masana da suka auna sun sami sinadarin maye a cikinsa yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100, gwargwadon hannun mai dahuwa da daɗewarsa.

Daɗewar nan ita ce babbar magana, domin burkutu abu ne mai rai, yis bai daina aiki a cikinsa ba. Na safe ya fi zaƙi da sauƙi, na la'asar ya fi tsami da ƙarfi, na jibi kuwa ya zama ruwan tsami, sai zubarwa. Saboda haka ba a kai shi nesa, ba a kuma tara shi. Masu dahuwa a wurare da yawa kan raba kwanaki a tsakaninsu, yau gidan wannan, gobe gidan waccan, don kada su karya wa juna ciniki. Dusar da ta rage a ba aladu da sauran dabbobi. Da kuɗin wannan sana'a mata da yawa suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta.

A al'adar Gbagyi ta dā, giyar dawa ba abin kowace rana ba ce. Ana dafa ta don gayya, a shayar da waɗanda suka zo taya noman doya, da bikin aure, da makokin tsoho, da kuma tsafin kakanni. A manyan tukwanen yumɓu ake dafa ta, irin aikin da matan Gbagyi suka yi suna a kai, har hoton ɗaya daga cikinsu, Ladi Kwali, ya hau takardar naira 20. Yau gangar ƙarfe ta ture tukunya a wurare da yawa. Gbagyi da yawa kuma sun musulunta, waɗansu sun shiga majami'u irin su ECWA waɗanda ke hana mabiyansu sha, saboda haka ba kowane gida ne ke da hannu a ciki ba.

Hausawa ma ba baƙin wannan abu ba ne. Kalmar giya tsohuwa ce a harshen, Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da ita suke gayya da bukukuwa. Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙa sukutum don yaƙi da ita, Mamman Shata kuwa ya yi wa mashaya tasu, kowa da masu sauraronsa. Haka kuma ba Nijeriya kaɗai ba ce: abin da ake kira burkutu a nan shi ne dolo a Burkina Faso, cukutu a Benin da Togo, bilbil a arewacin Kamaru, marisa a Sudan. Duk inda dawa take, an san wannan tukunya.

Ƙoƙo Na Huɗu: Giyar Kwalba

A gefen manyan hanyoyi, inda ake jera kujerun roba da yamma kusa da masu gasa kifi, giyar kwalba ce ke sarauta. Ita baƙuwa ce. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Guinness, wanda aka kafa a Dublin ta ƙasar Ayalan a 1759, ya gina tasa a Ikeja a farkon shekarun 1960, ita ce ta farko da ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai laga, irin su Star da Gulder, mai launin zinariya, garau, wadda aka fara yin irinta a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842. A cikin sanyi yis ɗinta ke aiki a hankali, a tace ta tas, a ɗura, a gasa kwalbar da ɗan zafi don a kashe sauran masu rai. Shi ya sa takan yi watanni ba ta juya ba, kuma kwalbar Kaduna da ta Aba ɗanɗanonsu ɗaya. Ba ta da tsamin burkutu. Abin da take da shi ɗaci ne, wanda ke fitowa daga furen wani tsiro na ƙasashen sanyi mai suna hof. Ƙarfinta wajen kashi 5 ne cikin 100. Sa'an nan akwai baƙar giya, watau sitawut, wadda ake ƙona hatsinta kamar yadda ake soya gahawa. Ta fi nauyi, ta fi ɗaci, tana da ƙaurin ƙonannen ƙanzo, kuma wadda Guinness ke yi a Nijeriya ta kai kashi 7.5, ta fi wadda Turawa suka saba sha a ƙasarsu ƙarfi.

Da tsiron sha'ir na ƙasashen waje ake yin waɗannan duka, har zuwa 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi don tsimin kuɗin musaya. Dole kamfanoni suka waiwayi dawa da masara. Irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta, kamar gajeriyar ƙaura mai lamba SK5912, da kuma farafara, suka shiga manyan tukwanen ƙarfe. Watau injiniyoyi masu digiri suka koma ga abin da matan ƙauye suka daɗe suna yi da tabarma da buhu. Tun daga lokacin kamfanonin nan suka zama cikin manyan masu sayen dawa a kasuwannin Arewa, irin su Dawanau ta Kano, ko da manomi da yawa bai san inda buhunsa ya ƙare ba.

Ƙoƙo Na Biyar: Lemon Malt

Na biyar shi ne wanda ya haɗa kowa a taron suna da na aure, watau lemon malt, irin su Maltina da ta fito a 1976, da Malta Guinness da ta biyo baya a 1990. Waɗansu kan yi ƙyanƙyaminsa don ganin sunan kamfanin da ke jikin kwalbar. Gaskiyar magana ita ce, hanyarsa da ta giya ɗaya ce har zuwa inda aka sami ruwan tsiro mai zaƙi. A nan suke rabuwa: ita giya a sa mata yis, shi kuwa a hana shi, a ƙara masa sukari da launi a rufe. Saboda haka ya fi kusa da kunun zaƙi na safe, sai dai ya fi shi zaƙi nesa, abin da ya kamata masu ciwon sukari su kula da shi.

Doka Da Maƙwabtaka

Hukuma ta daɗe tana kai da komo a kan wannan al'amari. Bayan yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Brussels a 1890, gwamnatin mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a Arewa, amma ta ƙyale dahuwar gargajiya a yankunan da ba na Musulmi ba. A shekarar 2000 da wadda ta biyo ta, jihohi 12 na Arewa suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, har da Jihar Neja, wadda iyakarta ke nan kusa, da an wuce Zuba. Yankin Birnin Tarayya bai shiga wannan tsari ba. Saboda haka abin da ke tsare zaman lafiya a wuri kamar Jiwa ba doka kaɗai ba ce, har da kunya da sanin ya kamata. Mai dahuwa ta san inda ba a kafa tukunya, maƙwabcinta Musulmi ya san ƙofar da ba ya shiga, amma in an yi rasuwa ko gobara duk sukan hallara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baƙon Da Ba Na Dawa Ba

Akwai kuma abu na shida, wanda bai haɗa dangi da dawa ba, shi ne kuwa ya fi tayar wa iyaye hankali, Musulmi da Kirista. Wannan ita ce barasa mai zafi da ake ƙullawa cikin 'yan ledoji da ƙananan gorunan roba, a rataye a teburin mai alewa da na tashar mota. Ƙarfin waɗansunsu yakan kai kashi 40 cikin 100, watau ɗan ƙulli ɗaya da bai cika ludayi ba ya yi daidai da ƙoƙon burkutu. Ba ta da wari mai tona asiri daga nesa, tana shiga aljihun ɗan makaranta, ɗan acaɓa yana iya tsotse ta yana bisa babur. Burkutu, duk da illarsa ga hanta da aljihu da zaman iyali, a bainar jama'a ake shansa, a gaban dattawan da za su iya cewa ya isa. Ita kuwa wannan ba ta da dattijo. A 2015 mutane da dama sun rasa rayukansu a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hani a kan barasar leda da ta gorunan da ba su kai mililita 200 ba, kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka yi ca a kanta, aka yi ta ja-in-ja.

Wani abin dubawa kuma shi ne gonar kanta. Ƙasar Yankin Birnin Tarayya duka a hannun Gwamnatin Tarayya take, kuma kowace shekara sai an ga turakun masu awo sun shiga inda dā ake kafa buka ta tsaron tsuntsu. Gonar da ta zama fuloti ba ta sake fid da zangarniya. In dawa ta koma sai an sayo daga nesa, mai kunu za ta rage kauri ta ƙara sukari, mai tuwo za ta rage malmala, matasan da suka rasa gona kuwa su ne 'yar ledar nan ke jira a tasha.

Ya kamata hukumomin Birnin Tarayya, in suna rabon filaye, su tuna cewa mutanen da aka iske a nan manoma ne, a bar musu inda za su yi shuka ko a biya su diyyar da za ta kama musu wata sana'a. Ya kamata kuma ma'aikatan lafiya su riƙa zagayawa suna duba ruwan da ake dama kunu da shi da gorunan da ake ɗurawa, sarakuna da limamai da fastoci su haɗa baki a kan abin da ake sayar wa yara a bakin makarantu. Mai sayen kunu kuma ya riƙa tambaya ko na yau ne.

Da magariba ta kawo jiki a Jiwa, ladan yakan ɗaga murya daga wajen fada, masu babur su jingine, 'yan kasuwar Dei-Dei su fara dawowa da ƙura a ƙafa. Mai kunu takan zubar da ɗan abin da ya rage a gindin bokiti, ta wanke shi tas, ta auno dawar gobe ta jiƙa.